Fili, Zinare, Sukuk, Hannun Jari ko Hatsi: Ina Za a Raba Dukiya, Kuma Kashi Nawa Mutum Zai Iya Riƙewa?

Duk wanda kuɗi suka taru a hannunsa, ko na garatuti ne, ko gado, ko ribar kasuwa ta shekaru, shawara ɗaya yake ji daga kowane ɓangare: kada ka tara su wuri ɗaya. Kawu zai ce a sayi fili. Uwargida za ta ce zinare. Aboki ma'aikacin banki zai kawo zancen Sukuk, wato takardar jarin gwamnati maras kuɗin ruwa, ɗan'uwa na ƙauye kuma ya aiko cewa kaka ta yi, masara ta faɗi, a tura kuɗi. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne kowace irin dukiya tana zuwa da nata aikin, da nata takardun, da nata lokacin da take yarda ta koma kuɗi. Wanda ya raba miliyan goma gida bakwai ya ɗaukar wa kansa sana'a bakwai, kuma sau da yawa idan aka duba da kyau, huɗu daga ciki abu ɗaya ne ke ɗaga su, abu ɗaya ke kayar da su.

Ma'aunin da za a gwada kowanne da shi

Na farko, kuma shi ne babba: yaushe za ka buƙaci kuɗin nan? Kuɗin makarantar yara na watan Satumba da kuɗin da aka ajiye don tsufa ba za su kwana ɗaki ɗaya ba. Mafi yawan asarar da ake yi a wannan harka ba daga mugun zaɓi take zuwa ba, daga sayarwar dole take zuwa, wato buƙata ta taso a lokacin da kayan ba su shirya ba.

Na biyu shi ne abin da ke zubewa a ƙofar shiga da ƙofar fita: la'ada, kuɗin ƙira, kuɗin takardu, tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. A lissafa shi tun kafin a shiga, domin sai an cike wannan ramin sannan riba ke fara ƙirguwa.

Na uku, juriya gaban hauhawar farashi da faɗuwar naira. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100. Dala kuwa, wadda ake sayarwa wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023, ta haura 1,500 a 2024. Duk jarin da ya kawo kashi 15 a irin wannan shekara, a takarda ya ci riba, a kasuwa ya rame.

Na huɗu, wahalar kulawa: sau nawa za ka je da ƙafarka, kuma wa za ka amince wa in ba ka nan. Na biyar, haɗari, musamman ko haɗarin nan irin wanda kake ɗauke da shi ne tun farko a sana'arka. Na shida, halacci da lissafin zakka, wanda ke ƙara rikicewa da zarar dukiya ta yi kashi-kashi.

Fili da gida

Shi ne abin da hankalin Bahaushe ya fi kwanciya da shi, kuma ba a banza ba. Fili a inda gari ke tafiya yana bin hauhawar farashi, wani lokaci ya wuce ta, ga shi ba ya ruɓewa, ba ya ciwo. Amma ta fuskar ma'auni na farko shi ne mafi taurin kai. Fili mai kyau yana iya yin watanni a hannun dillalai, kuma da zarar masu saye suka shinshino cewa matsuwa ce ta kawo ka, tayin wulaƙanci za su yi. Ba a kuma gutsure kusurwar fuloti a sayar don biyan kuɗin asibiti. Ko a sayar duka, ko a haƙura.

Kuɗin ƙofa ba kaɗan ba ne. La'adar dillali yawanci kashi 5 ce cikin 100, wani wuri har 10, ga kuɗin awo, ga na lauya, ga na rajista. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, saboda haka abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sauya hannu a fili mai takardar gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna. Idan aka karɓe fili don aikin jama'a, diyyar ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka a kai. Wanda ya bar filinsa fayau yana jiran ya yi tsada ya san da wannan.

Awon igiya ya fi araha, kuma mutane da yawa sun yi arziki da shi, amma nan ne rigima ta fi yawa: fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ko gonar gado da ba a raba ba wani magaji ya yanka ya sayar, ko a wayi gari titi ya bi ta tsakiyarsa. Kafin a biya, a bincika a hukumar filaye ta jiha, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A ga mai unguwa ko dagaci, a tambayi maƙwabtan fili ta kowace kusurwa, a sa dukkan magada su sa hannu in gado ne. Bayan saye a kewaye ko a kafa alamu, a riƙa leƙawa. Filin da mai shi bai taka ba shekara uku, wani yana nan yana auna shi da ido.

Gidan haya lissafinsa daban. A ɗauki misali: gidan miliyan 30 da ke kawo haya miliyan ɗaya da rabi a shekara ya ba da kashi 5 ke nan, kafin a cire gyaran rufi, da yashe masai, da watannin da ya zauna babu kowa, da ɗan hayar da ya ƙi biya ya ƙi tashi. Ribar gida ta gaskiya tana cikin tashin darajar ƙasar da yake kai.

Zinare

Farashin zinare a naira inji biyu ke jan sa: farashin oza a kasuwar duniya, da canjin dala. Shi ya sa ya yi wa masu riƙe da shi rana a 'yan shekarun nan, domin injinan biyu sun tashi tare. Oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dala 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a watan Maris na 2025, ta kuma haura 4,000 a watan Oktoba na shekarar. Sai dai a tuna cewa wanda ya saya a 2011 lokacin da ta kai wajen dala 1,900 ya ga ta sauko kusan 1,050 a ƙarshen 2015. Zinare ma yana faɗuwa, kuma yana iya daɗewa a ƙasa. Ba ya haihuwa, ba ya kawo haya.

Inda ya fi fili nesa ba kusa ba shi ne saurin komawa kuɗi da kuma rabuwa. Mace za ta shiga Kasuwar Rimi da awarwaro ɗaya ta fito da kuɗinta a yinin, ta bar sauran a gida. Abin da ke zubewa shi ne kuɗin ƙira. Ranar saye ana biyan nauyi da aikin maƙeri, ranar sayarwa nauyi kaɗai ake biya, a kuma cire duwatsun ado. Don haka mai niyyar ajiya ya nemi sulalla ko sanda ko sarƙa maras ado da yawa, ya bar sabon yayi ga mai niyyar kwalliya. A san karat: mai 18 kashi 75 ne zinare, mai 21 kashi 87.5, mai 22 wajen kashi 91.6. A karɓi rasiti mai ɗauke da nauyi da karat, a kuma sake aunawa a wani shagon.

Akwai hukunci biyu da ake yawan mantawa. Cinikin zinare hannu da hannu ne, ba a yin sa bashi. Sannan ba a musayar tsoho da sabo da bambancin nauyi a cika da kuɗi; hanyar da ta kuɓuta ita ce a sayar da tsohon a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabon. Nisabinsa wajen giram 85 ne na tsantsa, wanda ya yi daidai da kusan giram 97 na mai karat 21, ko 113 na mai 18. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma wanda aka saya don ajiya ko kasuwanci akwai. Babban haɗarinsa kuwa sata, kuma yawanci ɓarawon ya san ɗakin.

Dala

Ba jari ba ce, garkuwa ce. Tana da amfani ga wanda ya san yana da biyan da zai yi da ita: kuɗin makarantar waje, ko sarin kaya, ko asibiti. Fita da shiga nan take ne a Wapa ko kowane wurin 'yan canji, da tazarar 'yan nairori kan kowace dala. Haɗarinta jabun takardu, da ragin da ake yi wa tsofaffin bugu, da sayen tsoro. Waɗanda suka ruga suka saya sama da naira 1,800 a watan Fabrairu na 2024 sun ga ta sauko ƙasa da 1,200 a watan Afrilu. Ga Bahaushen Nijar wannan lissafin ya sha bamban, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, kodayake dattawa ba su manta da 1994 ba, lokacin da aka rage darajarta da rabi a dare ɗaya.

Sukuk na gwamnatin tarayya

Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fara fitar da shi a watan Satumba na 2017: naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, hayar kashi 16.47 a shekara, kuɗin kuma aka zuba a gina tituna. Tsarinsa na ijara ne, wato mai saye yana da rabo a kadarar, gwamnati tana biyan sa haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika a mayar masa da uwar kuɗinsa. Ana shiga da naira 10,000, a ƙara da dubu-dubu. Na 2020 ya zo da kashi 11.2, na 2025 da kashi 19.75. Ana saye ta bankuna da dillalan hannun jari da aka ayyana a lokacin da aka buɗe, kuma ba kullum ƙofar take buɗe ba.

A wajen sauƙin kulawa babu kamarsa. Babu katanga, babu maigadi, babu ƙwari, kuɗi kawai ke faɗowa a asusu. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: a naira yake, kuma hayarsa ba ta motsi. Wanda ya sa miliyan ɗaya a na 2017 ya riƙa karɓar naira 164,700 kowace shekara, aka kuma mayar masa da miliyan ɗinsa cif a 2024. To amma miliyan ɗin da ya bayar ta kai kusan dala 2,800 a canjin wancan lokaci, wadda aka mayar masa kuwa dala ɗari shida da 'yan kai ce. Ba a cuce shi ko kwabo ba, naira ce ta zagwanye. Darasin aiki a nan shi ne hayar Sukuk ba duka ba ce riba. Wanda ya cinye ta gaba ɗaya yana cin uwar kuɗinsa ne bai sani ba.

Ana iya sayarwa kafin wa'adi ta hannun dillali, amma farashin kasuwa za a ba ka. Mai riƙe da na kashi 11.2 a lokacin da sababbin takardu ke ba da kusan 20, ba wanda zai saya a hannunsa sai da ragi. Takardun baitulmali na kwana 91, 182 da 364, da takardar tanadi ta gwamnati da ake shiga da naira 5,000, duk aikinsu ya yi kama da wannan, sai dai na kuɗin ruwa ne, abin da ya sa da yawa daga cikinmu ba sa kusantar su.

Hannun jari

Nan ne ake samun riba mafi girma ga mai haƙuri, kuma nan ne ake zubar da hawaye mafi yawa. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura maki 66,000. Zuwa ƙarshen 2009 yana wajen 20,000, kuma bai sake taka matsayin 2008 ba sai a 2023. Shekara goma sha biyar ke nan. A ɗaya gefen, kasuwar ta tashi da kashi 50 a 2020, da wajen 45 a 2023. Duk kuɗin da za a nema kafin shekara biyar bai kamata ya shigo nan ba.

Shiga ba wuya: a buɗe asusu wurin dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, a samu lambar CSCS, wato lambar asusun da ake ajiye hannun jarin mutum a ciki, a tabbata sunan ya yi daidai da na BVN harafi da harafi, a cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa shiga banki kai tsaye. Saye yana cin kusan kashi 2 cikin 100, sayarwa ɗan fiye da haka, saboda haka mai shiga da fita kowane wata dillali yake yi wa aiki. Ana cire harajin kashi 10 daga rabon riba. In an sayar, kuɗi na fitowa cikin 'yan kwanaki kaɗan na aiki, muddin kamfanin na cikin waɗanda ake cinikinsu kullum. Ƙananan kamfanoni kan yi kwanaki babu mai taya.

Ga mai kiyaye halacci akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba. In aka cire bankunan kuɗin ruwa, da kamfanonin giya, da masu bashin ruwa da ya wuce kima, abin da ya rage ɗan kaɗan ne: siminti, sadarwa, abinci, manja. Ma'aunin NGX Lotus Islamic shi ke tattara irin waɗannan. Wato ko mutum ya sayi kamfani shida, a zahiri sassa uku ko huɗu ya riƙe. Kuma girman kamfani ba kariya ba ne: faɗuwar naira ta sa MTN Nigeria da Nestlé Nigeria sun bayyana asara a 2023, duk da cewa cinikinsu bai tsaya ba.

Hatsi da kiwon turke

Waɗannan biyun sana'a ce, ba ajiya ba, kuma kuskuren ma'aikata da mazauna birni shi ne ɗaukar su kamar asusun banki. Dabarar hatsi sananniya ce: a saya da kaka, a sayar da bazara ko tsakiyar damina. Shekaru da dama ta yi aiki har mutane suka ɗauka doka ce. Sai ga shi a watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da damar shigo da masara, shinkafa, alkama da wake ba haraji na kwana 150, farashi ya yi ta sauka a 2025, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. A watan Fabrairu na 2024 ma an rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ga kuma gargaɗin shari'a kan ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba.

In za a yi, masara ta bushe sosai, damshinta kada ya wuce kashi 13. A ɗora buhuna kan katako, a bar tazara da bango, a duba rufi kafin ruwan fari. Wake ya fi son buhu mai ruɓi uku da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. A lissafa dako, da hayar sito, da raguwar nauyi. A ƙirga buhuna da ido, ba ta waya ba.

Turke kuwa wata uku zuwa huɗu ne. Rago ko sa da aka sayo ramamme daga Maigatari, Wudil ko Potiskum, a fara da maganin tsutsa da na hanta da allurar rigakafi, a ware sabo daga tsofaffi na mako biyu, sannan dusa, harawa, kowar wake da ruwa mai tsabta. Ribar tana tsakanin farashin abinci da farashin ranar sayarwa. Wanda ya yi wa Babbar Sallah kiwo bai sayar ba har aka sauko idi, zai ci gaba da ciyar da dabbar da farashinta ya riga ya karye. Dabba ɗaya ta mutu cikin goma, ribar zagayen ta tafi.

A taƙaice cikin jadawali

| Nau'i | Kuɗin shiga | Abin da ke zubewa | Komawa kuɗi | Gaban hauhawa | Kulawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fili da gida | Mai yawa | La'ada, awo, rajista | Watanni | Mai ƙarfi | Matsakaiciya zuwa mai yawa | Rigimar mallaka |
| Zinare | Daga giram kaɗan | Kuɗin ƙira, tazara | Yini ɗaya | Mai ƙarfi | Kaɗan | Sata, jabu |
| Dala | Kowane adadi | Tazarar canji | Nan take | Tana kare faɗuwar naira | Kaɗan | Sayen tsoro |
| Sukuk | Naira 10,000 | Kaɗan ƙwarai | Wa'adi, ko da ragi | Mai rauni | Kusan babu | Zagwanyewar naira |
| Hannun jari | 'Yan dubbai | Kusan kashi 4 shiga da fita | Kwanaki | Mai kyau a dogon zango | Sai da karatu | Faɗuwar kasuwa |
| Hatsi | Daga buhu kaɗan | Dako, sito, raguwa | Kwanaki | Ya danganta da shekara | Mai yawa | Karyewar farashi, ƙwari |
| Turke | Kuɗin dabba da abinci | Abinci, magani | Ranar kasuwa | Matsakaici | Kullum | Cuta, sata |

Wahalar haɗa su a hannu ɗaya

Matsala ta farko ita ce rabon da ba rabo ba. Ɗan Kantin Kwari da ke sarin yadi daga waje, in ya ajiye dala da zinare, duk dukiyarsa ta zama caca ɗaya kan faɗuwar naira; ranar da naira ta farfaɗo, shago da ajiya tare za su sauka. Ma'aikacin gwamnati mai albashi da fansho a naira, in ya ƙara da Sukuk kaɗai, shi kuma ya jingina komai kan ƙarfin naira da aljihun gwamnati. Manomin da ya sayi hatsi ya ajiye ya ninka haɗarin da gonarsa ta riga ta ɗora masa. Tambayar da za a yi wa kowane sabon jari ita ce: in sana'ata ta shiga wani hali, shi wannan tashi zai yi ko faɗuwa?

Ta biyu ita ce gyaran sikeli. A ce an raba miliyan goma: huɗu Sukuk, uku zinare, uku hannun jari. Bayan shekara zinare ya koma biyar, hannun jari biyu da rabi. Yanzu zinare ya kama kashi 43 na dukiyar, alhali 30 aka tsara masa. Zuciya za ta ce a ƙara zinare tunda shi ke gudu, tsari kuwa cewa yake a ƙara wa wanda ya yi baya. Hanya mafi araha ba sayarwa ba ce, tunda kowace sayarwa da kuɗin ƙofarta. A karkatar da sabon kuɗi da hayar Sukuk zuwa ɓangaren da ya rame har sikeli ya daidaita. Sau ɗaya a shekara ya isa. In fili ne ya rinjayi komai, to babu dabara sai a daina ƙara fili.

Ta uku, sanin ainihin abin da aka mallaka. Farashin hannun jari yana fitowa kullum, na zinare a tambayi shago, amma fili sai ranar da aka taya. Mutane kan rubuta filinsu a farashin da maƙwabci ya nema, ba wanda aka biya shi ba. A rage wani abu daga ƙiyasin, a kuma auna komai da ma'auni ɗaya, ko naira bayan cire hauhawa, ko buhun masara, ko giram na zinare.

Ta huɗu, zakka. A tsayar da rana ɗaya a shekarar Musulunci, a haɗa tsabar kuɗi, dala, zinaren ajiya da kayan ciniki, a fitar da ɗaya bisa arba'in in sun kai nisabi. Malikiyya sun bambanta mai jujjuya kaya kullum, wanda ke ƙiyasta kayansa duk shekara, da mai ajiyewa yana jiran kasuwa, wanda ke fitarwa ta shekara ɗaya idan ya sayar. Dabbobi da amfanin gona kuma nasu nisabin daban. A kai lissafin gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki, kuma a tanadi tsabar kuɗin biya, don kada zakka ta tilasta sayar da abin da bai nuna ba.

Ta biyar, magada. Littafi ɗaya mai ɗauke da lambar CSCS, sunan dillali, inda takardun fili suke, wanda ke riƙe da dabbobi da shaidunsa. Mutum biyu amintattu su san inda yake. Hannun jarin mamaci ba ya komawa ga magada sai da takardar kotu, kuma ba a neman abin da ba a san da shi ba.

Wanda wannan aiki ya fi ƙarfinsa yana iya miƙa wani ɓangare ga asusun haɗaka mai rajista da SEC, irin na Lotus Capital ko asusun Imaan na Stanbic IBTC, inda ƙwararru ke rabawa su ɗauki ladansu duk shekara. Ma'aikaci kuma yana iya neman a mayar da fanshonsa asusu na shida, maras kuɗin ruwa, wanda hukumar fansho ta PenCom ta kawo a 2021. A duba rajistar kowane asusun haɗaka da kai a shafin hukumar SEC. Shirye-shiryen damfara irin su MMM a 2016 da CBEX a 2025 duk da alƙawarin riba mai tsoka cikin wata guda suka kwashe jama'a.

Wanne ya dace da wa

Kafin komai, kowa ya ware kuɗin cefane da larura na wata uku zuwa shida a banki. Jaiz, TAJ da Lotus suna nan ga mai gudun kuɗin ruwa, kuma hukumar NDIC tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai asusu a bankin kasuwanci.

Ɗan fansho mai neman abin da zai riƙa shigowa: Sukuk ya zama ginshiƙi, da zinare a gefe don tare faɗuwar naira, ya kuma riƙa mayar da wani kaso na hayar cikin jari. Ya nisanci zuba garatuti duka a fili ɗaya ko kiwon da wani zai yi masa.

Ma'aikaci mai sauran shekara goma ko fiye a aiki: hannun jari ko asusun haɗaka da ɗan abin da zai riƙa sawa duk wata, da fili ɗaya mai takarda a inda zai iya zuwa cikin awa guda. Sukuk kaɗan ya ishe shi, tunda fanshonsa ya riga ya cika da takardun gwamnati.

Ɗan kasuwa mai shigo da kaya: dala gwargwadon sarin da ke gabansa kawai, sauran a Sukuk da gida ko shago, abubuwan da ba sa rawa da canji.

Manomi ko makiyayi: ya san hatsi da dabba fiye da kowa, ya ci gaba da su a matsayin sana'a, amma rarar da ya samu ta tafi zinare ko Sukuk, inda fari da cuta ba sa kaiwa.

Matar aure mai tara kuɗin adashe ko na sana'ar gida: zinare maras ado da yawa, da Sukuk da sunanta da lambar asusunta, ba na wani ba.

Mazaunin ƙasar waje: abin da ake gani a waya ba tare da wakili ba, wato Sukuk, hannun jari da asusun haɗaka. Fili sai mai takardar gwamnati da lauya ya bincika, hatsi da turke kuwa a bar wa wanda ke kwana kusa da sito da garke.